Old Man Emu ko shokazobar kamfani? Abin da na gani a Hilux ɗin aikina

Jama'a masu Hilux da Land Cruiser da ke shiga daji, musamman 'yan uwana masu aikin sola da bohol da masu bin kasuwannin ƙauye sayen hatsi, tambayar nan ta yi yawa a kaina shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya. Wai shokazobar Old Man Emu ɗin nan mai ruwan ɗorawa, samfurin Nitrocharger Sport, da na sa a motata, ta ci kuɗinta kuwa? Ko gara mutum ya koma ya sa irin wadda mota ta zo da ita daga kamfani ya huta? A wajena wallahi ta ci kuɗinta, amma fa yawancin masu tambayata ba sa buƙatarta, kuma ba na son wani ya ji na yaba ya je ya zuba kuɗin da zai iya sayen tayoyi masu kyau da su a kan abin da ba zai amfane shi ba.

Motata Hilux ce Vigo mai gida biyu, irin waɗanda Toyota ta yi daga 2004 zuwa 2015, injin fetur 2.7, mai fowil, wato mai ja da duka tayoyi huɗu. Aikina kai kayan sola da famfon bohol ƙauyuka, yawanci gabashin Jigawa da arewacin Yobe, wato su Birniwa, Guri, Nguru, Machina, wani lokacin har can Yusufari inda yashi yake sosai. Bayan motar kusan kullum akwai batura, farantan sola, bututai, igiyar waya, jarkokin mai da ruwa, ga yara masu aiki a kujerar baya. Kaga ke nan ba motar zuwa ofis ba ce. In yanayin aikinka bai yi kama da wannan ba to ka karanta dai amma ka auna da naka.

Abu na farko da nake so mutane su gane, don nan ne ake yawan asarar kuɗi: shoka ba ta ɗaukar kaya. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. A Hilux gaba sifirin mai naɗi ne da shoka a tsakiyarsa, baya kuma sifirin mai falle-falle ne da shoka a gefe. In ka ga bayan motarka ya zauna ƙasa da zarar ka ɗora buhu biyar, matsalar sifirin ce, ko shokar zinare ka sa ba za ta ɗaga ba. Aikin shoka shi ne ta hana sifirin ya yi ta lilo bayan ya faɗa rami, ta danne taya ta zauna a ƙasa don birki da sitiyari su kama. Yadda take yi kuwa, akwai mai a ciki da fistin mai ƙananan ramuka da bawul, in taya ta yi sama ko ƙasa sai a matse man ya bi ta ramukan nan da ƙyar, ƙarfin girgizar sai ya koma zafi. Shi ke nan fa, duk rigimar ta kamfani da ta kasuwa a kan zafin nan take.

A kwalta mai kyau shoka ba ta wani aiki mai yawa, ta ɗan motsa ta huta. Amma ka sauka hanyar burji mai gargada, ka yi lissafi da kanka: gudun kilomita 60 a awa ya kai mita 16 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, in tazarar tudun gargadar mita guda ce to taya tana hawa tana sauka sau 16 a kowace daƙiƙa, in tazarar ta fi haka kusa abin ya fi haka yawa, kuma ba minti biyar za ka yi ba, awa guda ko biyu za ka yi a haka, a watan Afrilu ko Mayu da zafin Nguru ke wuce digiri 40, ga kaya a baya. Man da ke ciki sai ya yi zafi ya tsinke, ya haɗu da iska ya yi kumfa kamar an kaɗa omo a bokiti, fistin kuma ba ya iya danne kumfa, sai kawai ya wuce fuu. A lokacin ne za ka ji bayan mota ya fara rawa yana neman ya sha gabanka a kwana, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, ka taka birki motar tana tsalle maimakon ta tsaya. In ka tsaya ta huce sai ta dawo daidai, shi ya sa wasu ke cewa ai shokata lafiya lau take na danna ta a gareji ba ta yi lilo ba. E a gareji lafiya take, a sanyi.

To ita ta kamfani fa? Ni ba na raina ta ko kaɗan, kuma ina jin haushin masu cewa wai Toyota ta sa abin banza. Toyota ma ba ita ke ƙera yawancin shokokinta da hannunta ba, kamfanonin Japan irin su KYB da Tokico ne ke yi mata bisa awon da ta ba su, kuma an auna ta ne da sifirin motar da nauyinta don ta yi wa kowa daidai: mai zuwa ofis, mai zuwa gona ranar Asabar, mai ɗaukar iyali zuwa biki. Tana da laushi, tsawonta daidai yake ba sai ka canja komai ba, bushinta, wato robar da ke cikin idon da ake ɗaure ta, ya dace, kowane bakanike daga Kano zuwa Gashuwa ya san yadda zai ɗaura ta. In mafi yawan tafiyarka kwalta ce, daji sai jefi-jefi, kaya kuma ba kullum ba, dan Allah ka sa ta kamfani ta gaskiya ko KYB Excel-G wadda dama an yi ta ne don ta maye gurbin ta asali, ka riƙe canjinka. Ƙanina yana da Hilux shi ma, yana Dutse, gona kawai yake zuwa da ita da damina, da ya zo zai canja ni da kaina na hana shi sayen irin tawa, ya sa ta kamfani, har yau bai yi ƙorafi ba, kuma in gaskiya za a faɗa tasa ta fi tawa daɗin zama a cikin gari.

Matsalar ta kamfani a wajenmu ba ingancinta ba ce, samun ta gaskiyar ce. Kwali mai tambarin kamfani ba wuyar bugawa yake ba. Akwai wata da na taɓa sa wa a baya, mai shagon ya rantse min orijina ce, kwali fes leda fes, ba a je ko'ina ba mai ya fara tsiyaya har ƙasan bututun yana tara ƙura, da muka kwance muka haɗa ta da tsohuwar da motar ta zo da ita sai ga sandarta ta fi siriri, waldar idon ƙasan ma daban, nauyinta a hannu bai kai ba. Irin wannan ce ke sa mutane su ce sabon kaya ba ya ƙarko, alhali ba sabon kayan kamfani suka saya ba tun farko. In za ka sayi ta kamfani ka je da lambar shasin motarka wurin dila na gaskiya a duba lambar kayan, in kuma Kofar Ruwa ko Panteka za ka shiga to ka tafi da bakanikenka da tsohuwar shokar a hannu, ku auna tsawo, ku auna kaurin sanda, ku ɗaga ku ji nauyi, akwai masu amana sosai a can waɗanda za su gaya maka wannan ta gaske ce wannan kuma ta maneji ce, ka tambaya kai tsaye.

Sai 'yar Beljiyam, wato ta kwance. Na san aljihu ne ke kai mutum, ban ga laifin kowa ba. Amma shoka ba kamar ƙofa ko gilashi ba ce da za ka kalla ka san lafiyarta, ba ka san kilomita nawa ta ci a can ba, an wanke ta an goge, ka danna da hannu ka ji tauri ka ce da sauranta. Hannunka ba zai iya motsa ta da saurin da gargada ke motsa ta ba. Ga motar cikin gari ana lallaɓawa da ita, ga motar daji mai kaya ni ba zan sa ba. Wanda kuma nake roƙon mutane su bari kwata-kwata shi ne huda shoka a ɗura mata mai a toshe, da farko akwai iskar gas a matse a ciki wadda za ta iya yi wa mai hudawar rauni, na biyu sil ɗin (robar da ke hana man fita) da ya lalace har man ya zube yana nan yadda yake, bawul ɗin da ya gaji yana nan, ba a gyara komai ba.

Yanzu ita Old Man Emu ɗin. Kayan Ostareliya ce, a ƙarƙashin kamfanin ARB, kuma dalilin da ya sa kamfanonin can irin su Ironman 4x4 da Tough Dog da Dobinsons suka yi suna a wannan harka shi ne ƙasarsu tana da dogayen hanyoyin burji masu gargada da zafi, kuma Hilux da Land Cruiser suke hawa kamar mu, to ciwonmu ɗaya da su. Nitrocharger Sport mai bututu biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, da iskar naitirojin a ciki don ta rage kumfar man, fistin ɗinta milimita 35 ne sandar kuma milimita 18. In ka ajiye ta kusa da ta asali za ka ga jikinta ya fi kauri, wato man ciki ya fi yawa, mai da yawa kuma ya fi jinkirin ɗaukar zafi. Sannan abin da ya fi burge ni, ba shoka ɗaya suke yi wa kowa ba, suna da lambobi daban-daban gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka, kuma suna haɗa ta da sifirin da ya dace da ita, akwai na mai kaya kaɗan akwai na mai kaya kullum.

Ni saiti na saya gaba ɗaya, shoka huɗu, sifirin gaba, sifirin baya na masu kaya, da bushi. Wani mai shigo da kaya ne ya yo min oda, na jira, kuma kuɗin ba wasa ba, ya ninka na kamfani nesa ba kusa ba, balle tun da aka saki naira a 2023 duk abin da ake saye da dala sai addu'a. Ba zan rubuta farashi ba don kafin ka karanta ya canja.

Me na gani bayan an ɗaura? Na farko, a gargada da kaya, bambancin ba ƙarami ba ne. Wurin da a da nake jin bayan mota ya fara yawo bayan tafiya ta yi nisa, yanzu yadda ta fara haka take ƙarewa, sitiyari yana nan a hannuna. Ramin da ban gani ba sai da na faɗa, motar tana nutsewa sau ɗaya ta taso ta zauna, babu wannan lilon na biyu da na uku, babu kuma dukan nan na ƙarfe da ƙarfe da ke sa ka ji tausayin shasi. Batura da faranti suna isa lafiya, wanda a sana'ata wannan kuɗi ne kai tsaye domin faranti ɗaya ya tsage ribar aikin ta tafi. A yashi kuma ɗagawar da saitin ya yi wa motar, wajen inci biyu, ta taimaka, cikinta ba ya yawan shafar tudun tsakiyar hanya inda manyan motoci suka haƙa sawu. Gajiyar jiki ma ta ragu, yaran da ke zama a baya su suka fara faɗa kafin ni.

Amma ga inda za ka biya. In motar ba kaya, a cikin gari, tana da tauri, musamman baya, duk wani ɗan tudu ko gyaran kwalta sai ka ji shi a ƙugunka, kuma wannan ba aibin kayan ba ne, sifirin masu kaya na zaɓa, an yi shi ne ya yi laushi in an danne shi da nauyi. Hajiyarmu na ɗauke ta zuwa asibiti a ciki ta ce ɗan nan wannan motar taka ta koma tifa ne? Tun daga ranar in zan ɗauke ta sai in nemi ƙaramar mota. Don haka mai sayen sifirin masu kaya don kawai ya ga motarsa ta yi tsayi ta yi kyau a hoto, zai sha wuya kullum a kan abin da ba ya amfana da shi. Na biyu, in ɗaya ta samu matsala a Gaidam ko Machina ba za ka samu irinta a shagon gefen hanya ba, sai an yi oda an jira, shi ya sa tsofaffin na baya da suke da sauran rai ban yar ba, suna ajiye, ko da yake tsawonsu bai kai na sababbin ba za su iya kawo ni gida a hankali. Na uku garanti, a can ƙasarsu suna ba da shekara 3 ko kilomita 60,000, amma kai da ka saya ta hannun wani ya saya ta hannun wani, ka tambayi wanda ya sayar maka tun kafin ka biya wa zai ɗauki nauyi in ta zubar da mai, ka ji amsarsa da kunnenka.

Wasu za su ce me ya sa ban sa Bilstein ba. Bilstein ta Jamus ce, mai bututu ɗaya, gas ɗin a matse sosai kuma an raba shi da man da wani fistin na daban don haka kumfa ba ta samun wuri, ga fistin babba milimita 46, ga shi bututun yana shan iska kai tsaye yana huce zafi da sauri. Kaya ne mai kyau ƙwarai, kuma ga wanda ba ya son ɗaga mota ko canja sifirin, yana son dai shokar da ta fi ta asali jure zafi, samfurinsu na 4600 an yi shi ne don tsayin mota na asali, ina ganin shi ne hanya mafi sauƙi. Abin da ya sa ni na karkata ga mai bututu biyu shi ne duwatsu da kututture, mai bututu ɗaya in dutse ya lotsa jikinta to hanyar fistin ce ta lotse, ta gama aiki, mai bututu biyu kuwa na wajen ne zai lotsa na cikin yana nan. Shokokin bayan Hilux kuma a fili suke, duk tsakuwar da tayar gaba ta watso su take samu. Su Fox da King na Amurka masu ƙaramin tanki a gefe kuwa, da BP-51 na ita Old Man Emu ɗin, waɗannan wani aji ne daban, na masu gudu sosai a daji, kuma ana buɗe su a yi musu sabis lokaci-lokaci a canja mai da sil a sake cika gas, in babu mai yi maka wannan a kusa to ka sayi wahala da tsada.

Ɗauri ma rabin aikin ne, kuma a nan na yaba wa bakanikena. Da na kai kayan ya juya su ya ce Alhaji wannan ba aikin gaggawa ba ne, ka bar min ita zuwa gobe. Na ce to Malam yadda ka gani. Sifirin gaba da abin matse sifirin ya yi shi, ba da igiya da jak ba kamar yadda wasu ke kasada da rayuwarsu, domin sifirin nan in ya kuɓuce zai iya kashe mutum. Notunan bushi bai ɗaure su tamau ba sai da ya sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, in aka ɗaure tana rataye robar tana murɗewa ta yage da wuri, sai a ce kayan ne ba kyau. Ya ɗaga bayan har tayoyi suka rataya ya duba tiyon birki bai miƙe tsam ba. Daga nan muka wuce alaimin, wato saita tayoyin gaba, wanda dole ne in an ɗaga gaba, in ba haka ba tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya. Kuma kar wanda ya ruɗe ka ka ɗaga gaban Hilux fiye da inci biyun nan haka kawai, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba da bol-join suna shiga wani kwana da ba a yi su don shi ba, sai ka koma canja robar shaf kullum. Land Cruiser 79 da ake ji da ita a hanyoyin Agadez ita gadar gabanta, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu, ɗaya ce miƙaƙƙiya, lissafinta daban ne, kar a ɗauki maganar Hilux a ɗora mata kai tsaye.

Kowace iri ka zaɓa, biyu-biyu ake canjawa, na gaba tare na baya tare, kar ka sa sabuwa a dama tsohuwa a hagu. Kuma shoka mai tsada ba lasisin lodi ba ce, Hilux abin da aka yi ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne ko ƙasa da haka har da mutanen ciki, buhu goma na masara mai kilo 100 ka riga ka kai, birki da gada da shasi ba su san ka sa Old Man Emu ba.

Ga mai son ya san ko tasa ta mutu kafin ya kashe ko sisi, ka yi tafiya mai ɗan nisa a hanya mara kyau ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da jikin kowace shoka a hankali, kar ka damƙa don tana iya ƙona ka. Mai aiki za ka ji ta da zafi, wadda ka ji ta sanyi alhali 'yar uwarta ta ɗaya gefen ta yi zafi to ba ta yin komai. Ka duba jikinta, ɗan danshin mai sama-sama da ƙura ta manne ba komai ba ne, amma in man yana gangarowa har ƙasa ta tafi. Ka shafa tayoyi, in ka ji sun cinye tudu-da-kwari zagaye da taya alama ce tana tsalle a hanya. Sannan ka leƙa bushi, don sau da yawa ƙarar ƙwas-ƙwas ɗin da ake ɗora wa shoka robar ido ce kawai ta cinye, kuɗinta kaɗan ne, a canja ta a ɗaure noti motar ta yi shiru.